Mota Ɗaya, Iyayen Gida Uku: Ziyara Ƙasar Gaya da Ajingi

A wannan makon shafinmu na ziyarar garuruwa ya nufi gabashin Jihar Kano, wato ƙasar Gaya da Ajingi, inda Kano ta haɗa kafaɗa da Jigawa. Yanki ne na noma da kiwo da fatauci, kuma duk abin da manomi ya girbe sai mota ta ɗauka kafin ya zama kuɗi. Saboda haka motocin da ke kan hanya za mu sa wa ido, da lambobin da ke goshinsu, da takardun da direba ke adanawa a aljihun gaban mota. Da yawa daga cikinku na da burin sayen babur ko mota nan da 'yan shekaru. Gara ku sani tun yanzu cewa biyan kuɗin mota ga dillali somin-taɓi ne, kuma dokar da ke kanta takan sauya da zarar ta tsallaka daga wata jiha zuwa wata.

Hanyar Gaya

Mai zuwa Gaya daga birnin Kano titin Maiduguri zai bi. Zai wuce Hotoro da Mariri mai kasuwar goro, ya ratsa garuruwa irin su Gano da Ladin Makole, har ya iso gadar Wudil. In ranar Juma'a ce sai ya yi haƙuri, domin kasuwar shanun Wudil tana ci, manyan motoci sun cika gefen titi suna lodin dabbobin da za a kai Kudu. Daga Wudil sai ya ɗauki hanyar Dutse, ya wuce Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ya shiga filin gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi. Bishiyoyin kuka da darbejiya ne ke rakiyar matafiyi har cikin Gaya.

Gaya tsohon gari ne, kuma sunansa a tarihi yana tafe da ƙarfe. Labarin kaka da kakanni ya ce Abagayawa maƙera ne da suka tashi daga nan suka je Dutsen Dala neman tama. A labarin Bayajidda ma, a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya tafi da ita Daura. Ku duba taswira ku bi sawunsa. Wanda zai yi wannan tafiya a mota yau, daga Borno zuwa Gaya sannan Daura, zai ratsa Yobe da Jigawa kafin ya shigo Kano, ya sake faɗawa Jigawa ta Kazaure, sannan ya isa Katsina. Kowace daga cikin jihohin nan tana da hukumar tara kuɗin shiga tata, da ma'aikatanta a bakin hanya.

Har yanzu ana jin ƙarar guduma a Gaya, sai dai wani kaso na aikin ƙarfen ya koma hannun makanikai da masu walda da masu faci. A bakin tasha za ka ga Golf da Sharon da bas-bas suna jiran layi, 'yan kamasho na kiran Wudil da Kano da Dutse, akori-kura na lodin buhuna, ga kuma rundunar babura a ƙarƙashin inuwa. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Gaya sun haura 200,000, na Ajingi kuma sun haura 170,000. Akasarinsu a ƙauyuka suke, kuma waɗannan ababen hawa su ne ke haɗa su da asibiti da kasuwa da makaranta.

Karanta goshin mota

Lambar mota kamar katin shaida take, kuma ɗalibi mai lura zai iya karanta ta. A sama akwai sunan jiha da kirarinta da Turanci. Kirarin Kano shi ne cibiyar kasuwanci, na Jigawa kuwa sabuwar duniya. Haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi wa motar rajista da sunanta. GYA na Gaya ne, AJG na Ajingi, WDL na Wudil, DUT na Dutse, KJA kuma na Ikeja ne a can Legas. Launin rubutun ma yana magana. Shuɗi na motar gida ne, ja na motar haya, kore na gwamnati.

In ka tsaya rabin sa'a a bakin titin Gaya kana ƙirga lambobi, za ka ga na Kano da na Jigawa sun cakuɗe, ga kuma na Legas da Abuja jefi-jefi. Wannan bai nuna cewa masu motocin baƙi ne ba. Mota da yawa a can aka fara yi musu rajista, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har suka iso nan da lambarsu ta asali. Lambar kowace jiha tana aiki a ko'ina cikin Nijeriya, haka ma lasisin tuƙi.

Dattawan Gaya suna tuna lokacin da motar Dutse da ta Gaya duk lambar KN suke ɗauke da ita, domin jiha ɗaya ce. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire Jigawa daga Kano. Gonaki ba su motsa ba, auratayya da cin kasuwar juna ba su tsaya ba, amma daga ranar mai mota a Dutse ya koma biyan kuɗin takardunsa ga wata gwamnati dabam da wadda ɗan'uwansa na Gaya ke biya.

Iyayen gidan uku

Abin da ya kawo haka shi ne Nijeriya tarayya ce, an raba iko hawa uku, kuma kowane hawa yana da hannu a kan mota.

Uban gida na farko shi ne Gwamnatin Tarayya. Ita ke karɓar kuɗin fito ta hannun hukumar kwastam idan an shigo da mota daga waje. Tun daga 1 ga Janairu, 2017 ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa, abin da ya taɓa kasuwar motocin da ake kira 'yan Kwatano. Tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon zirga-zirga a manyan titunan tarayya. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke buga lasisin tuƙi da akasarin lambobin mota. Dokar inshora ma ta tarayya ce, iri ɗaya daga Sakkwato har Fatakwal.

Uban gida na biyu jiha ce. Ita ke yi wa mota rajista ta ofishin tara kuɗin shiga, ita ke karɓar kuɗin sabunta takardu duk shekara, ma'aikatanta na VIO kuma su ke ba da takardar shaidar lafiyar mota. Majalisar dokokin kowace jiha tana iya kafa hukumar kula da titunanta, ta yanka tarar da ta ga ta dace. Legas ta kafa LASTMA a 2000, Kano ta kafa KAROTA a 2012. A wannan hawa ne bambanci ya fi yawa.

Uban gida na uku ƙaramar hukuma ce. Tsarin mulki ya danƙa mata tashoshin mota da kasuwanni, da lasisin keke da kura da baro da amalanke da kwalekwale. Ashe ko amalanken shanun da ke jigilar taki a ƙauyukan Ajingi yana da gurbi a kundin dokar ƙasa. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano na da 44, Jigawa 27. Ban da waɗannan uku akwai ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ba hukumar gwamnati ba ce, amma direban haya ba ya lodi a tasha sai ya biya kuɗin yuniyan.

Mu yi lissafi

Akwai kuɗaɗen da suke bai ɗaya a hukumance, domin hukumar haɗin gwiwa ta harkokin haraji, wadda ta tattara wakilan tarayya da na jihohi, ita ta yanka su. A farashin da ya fara aiki cikin Yunin 2025, lambar mota N30,000 ce, ta babur N12,000. Lasisin tuƙin mota na shekara uku N15,000, na shekara biyar N21,000. Na babur ko mai ƙafa uku na shekara uku N7,000 ne. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta tashi daga N5,000 zuwa N15,000 ga motar gida tun daga Janairun 2023, ta babur kuma N3,000 ce a shekara.

To ku ɗauki biro. Lamba da lasisin shekara uku da inshora sun kama N60,000 ga mai motar gida, N22,000 ga mai babur. Wannan kafin a zo kan kason jiha, wato kuɗin rajista, da na takardar shekara, da na shaidar lafiyar mota, da izinin haya ga wanda zai ɗauki fasinja ko kaya. Su kuma kowace jiha da jadawalinta, kuma yakan danganta da girman mota da irin aikinta. A Legas, alal misali, tun daga farkon 2022 gwamnati ta ce ba za a ba da takardar lafiyar mota ba sai an kai motar cibiyar da na'ura za ta gwada birki da fitilu da sauransu. Wanda ya bi ta hannun ɗan tsakani kuwa zai biya fiye da farashin hukuma a kowace jiha, wani lokaci ma a miƙa masa takardar bogi.

Man fetur ma ba kuɗinsa ɗaya ba. A da akwai asusun da gwamnati ke biyan kuɗin dakon mai daga cikinsa, don farashi ya daidaita a faɗin ƙasa. Da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, farashin farko da kamfanin NNPC ya fitar ya sa lita N488 a Legas, N537 a Abuja, N540 a Kano, N557 a Maiduguri. Dalili shi ne nisa daga bakin teku, domin tanka ce ke jan man zuwa Arewa. A wancan farashin, wanda ya sha lita 50 a Kano ya fi na Legas biyan N2,600. Farashin ya ci gaba da sauyawa tun daga lokacin, amma na nesa da teku shi ke biyan kuɗin hanya har gobe.

Ajingi, ƙasar babur

Daga Gaya sai a yi arewa a shiga Ajingi. Ƙasar tana da yashi, garuruwanta a warwatse: Toranke, Balare, Gafasa, Chula, Kunkurawa, Gurduba, Unguwar Bai da sauransu. Da an sauka daga kwalta sai hanyar burji da turbar shanu, wadda da damina ƙaramar mota ba ta ko gwada ta. A nan babur ne sarki. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko malamin firamare, shi ke jigilar buhu biyu da akuya ranar kasuwa. Matasa da yawa da acaɓa suke ciyar da gida, wasu ma da shi suke biyan kuɗin jarrabawa.

Amma wannan sana'a da take halas a ƙauyukan Ajingi laifi ce a cikin birnin Kano. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a birni da kewaye saboda tsaro. Jiha ɗaya, lamba iri ɗaya, amma doka biyu. Saurayin da ya taso daga Toranke da niyyar yin haya a birni yana iya rasa babur ɗinsa a ranar farko. Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006. Legas ta hana a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, 2022, kuma baburan da aka kama akan murƙushe su. A 2021 jihohi irin su Katsina da Zamfara da Kaduna sun taƙaita hawan babur saboda 'yan bindigar daji. Duk mai shirin tafiya ci-rani da babur ya fara tambayar dokar garin da za shi.

Hana acaɓa ne ya ƙara buɗe wa babur mai ƙafa uku kasuwa a Kano. Kanawa na kiransa A Daidaita Sahu, sunan shirin gyaran tarbiyya na zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau. A Legas Keke Marwa ake ce masa, wasu wurare kuma Keke NAPEP. Shi ma dokarsa ta jiha ce. A Fabrairun 2021 direbobinsa a Kano sun yi yajin aiki kan harajin N100 a kullum, a Janairun 2022 suka sake yi kan N8,000 na sabunta izini. Ɗaliban birni ba za su manta da waɗannan kwanaki ba, domin da yawa a ƙasa suka taka zuwa makaranta. A watan Yulin 2022 kuma aka hana shi yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Laifi ɗaya, hukunci dabam

Bin hannun da ba naka ba, wanda direbobi ke kira wanwe, laifi ne a ko'ina. Amma a Legas dokar sufuri ta 2018 ta ba kotu damar ƙwace motar baki ɗaya. A Satumban 2022 gwamnatin jihar ta yi gwanjon motoci 134 da aka ƙwace ko aka yi watsi da su, wasu masu motocin na tsaye suna kuka. Direban da ya saba ganin ana kau da kai a garinsu, in ya kai wannan hali Legas, jarinsa ne zai tafi.

Ga wani misali. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa ma'aikatan VIO na birnin tarayya ba su da hurumin tare mota a hanya su ƙwace ta ko su ci tara. Labarin ya karaɗe Facebook da WhatsApp, mutane suka ɗauka an kori VIO daga titunan Nijeriya duka. Nan take gwamnatin Legas ta fito ta ce hukuncin bai shafe ta ba, domin tana da dokarta da ta ba nata ma'aikatan iko. Saboda haka idan kun ga labarin doka a waya, ku fara duba wace jiha ake magana a kai, kafin ku ba yayanku direba shawarar da za ta jefa shi cikin wahala.

Doka ta kuma kare mai mota. Dokar haraji ta 1998 da ta jera abin da kowane hawa na gwamnati zai karɓa ta hana kafa shinge a kan titi don karɓar haraji. Duk da haka direbobin kaya a jihohi da dama na kokawa da yawan tikiti da sitika. Mu ɗauka direban akori-kura ne ya ɗauko riɗi daga Ajingi zai kai kasuwar Dawanau. Ya biya kuɗin tasha, ya sha mai, ya ratsa ƙananan hukumomi da dama, ya biya kuɗin sauke kaya. Duk abin da ya kashe a hanya zai ɗora shi a kan kuɗin buhu, mai saye kuma ya rage shi daga abin da zai ba manomi. Ta haka dokar mota take shiga aljihun wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, har ta taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Sauran duniya fa?

Ba mu kaɗai ke da wannan tsari ba. A Amurka kowace jiha ita ke ba da lasisin tuƙi da lambarta, shekarun fara koyon tuƙi ma sun bambanta, kuma wanda ya ƙaura zuwa wata jiha dole ya sake lasisi da rajista. A Indiya motar da ta shekara a wata jiha ana buƙatar a sake mata rajista a can. Ta wannan fuska mu an sauƙaƙa mana. Singafo kuwa, ƙasar da faɗinta kaɗan ya ɗara na ƙaramar hukumar Ajingi, tun 1990 sai mutum ya sayi takardar izinin mallakar mota ta shekara goma a gwanjo, kuma kuɗin takardar yakan fi na motar kanta. Sun yi haka ne don ƙasar ƙarama ce, ba ta iya ɗaukar cunkoso. Kowace doka da matsalar da ta haife ta: tsaro a Kano, cunkoso a Legas, ƙarancin fili a Singafo.

Guzurin ɗalibi

A Gaya da Ajingi, kamar sauran garuruwanmu, ba abin mamaki ba ne ka ga yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan babur, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa. Doka ba ta ba da lasisin tuƙi sai mutum ya cika shekara 18, kuma wannan bai bambanta tsakanin Kano da Jigawa ba. In yaro marar lasisi ya buge mutum, iyayensa ne za su kwana a ofishin 'yan sanda da asibiti, wani lokaci har a sayar da gona ko sa a biya.

Wanda ya kai munzali kuma ya tashi sayen abin hawa na hannu, ya nemi takardar kwastam in daga waje aka shigo da shi, ya duba lambar inji da ta jikin mota ko sun dace da abin da ke rubuce, a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, sannan ya je ofis a mayar da takardun sunansa. In ba a yi haka ba, a idon hukuma motar tana nan a hannun mai ita na farko. Duk kuɗin da zai biya ya karɓi rasit. Kafin ya shiga wata jiha kuma ya tambayi direbobin da suka saba bin hanyar, domin matambayi ba ya ɓata.

Ga aikin hutu ga masu sha'awa. Ku sami wani direba ko ɗan acaɓa a unguwarku, ku gaishe shi da ladabi, ku ce: “Baba, don Allah a nuna mana takardun da ake biya a shekara.” Ku jera su gida uku a littafi, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, ku tara jimillar. Ɗaliban da ke Dutse da Jahun da Ringim su ma su yi nasu. Ku aiko mana ta hannun malamanku, za mu jera lissafin Kano kusa da na Jigawa a wannan shafi, mu ga inda suka yi daidai da inda suka rabu.